Kafin Ka Zargi Mai Batir, Duba Cajarka

A wata tafiyar aiki da muka yi cikin bazara, mu huɗu a wata tsohuwar bas ƙirar Hiace, batirin da ke riƙe da kayan aikinmu ya yi mana tutsu a dare na biyu. Ba na tayar da mota nake nufi ba, wannan lafiyarsa ƙalau. Wani ne na biyu da muka sa aka girka a ƙarƙashin kujerar baya, domin cajin kyamarori da kwamfuta, da kunna fanka da ɗan ƙaramin firji. Watansa bakwai kacal da saye. Da muka yada zango da magariba, mita ta nuna a cike yake. Kafin ƙarfe goma na dare inbata ta fara kuka, hotunan da ya kamata su isa ofis kafin asuba suka kwana a cikin kyamara.

Muna dawowa na riga na yanke hukunci a raina cewa jabu aka sayar mana. Na ɗauki batirin na kai wa wani dattijo mai gyaran wayarin mota, don ya tabbatar mini da zargina kafin in je in tayar da jijiyar wuya a shago. Ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya buɗe murafan ya leƙa, ya ɗora mita ya auna. Sannan ya ce, “Ɗana, wannan batir na kirki ne. Da me kuke cajinsa?” Na ce, “Baba, ai mota ce ke cajinsa idan muna tafiya.” Ya ce, “To, ku kuka kashe shi da yunwa.”

Tun daga ranar na ɗauki ra'ayin da zan kare a wannan rubutu: a cikin kayan wutar da ake girkawa a mota, caja ta fi batir muhimmanci, kuma ita ya kamata a fara zaɓa. Mukan zuba duk kuɗinmu a batir mafi girma da aljihu zai iya, sannan mu bar ciyar da shi a hannun kowace irin waya da ta samu. Idan ya mutu kafin shekara, sai mu ce kasuwa ta lalace. Akwai jabu a kasuwa, babu mai musun haka, amma batir na gaske ma ba ya jure rashin cikakken caji.

Al'adar sanya batir na biyu a mota ta bunƙasa ne a Turai, wurin masu mayar da bas ta zama ɗakin kwana don yawon hutu. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera ƙaramar bas ɗinsa a 1950, ba a jima ba kamfanin Westfalia na Jamus ya shiga sanya mata gado da wurin girki. Mutanen Birtaniya suna kiran wannan batir da sunan da ke nufin batirin shaƙatawa, har ƙungiyar masana'antar gidajen tafi-da-gidanka ta ƙasar, NCC, ta kasa shi aji uku, A da B da C, gwargwadon juriyarsa. Mu a nan ba shaƙatawa muke yi da shi ba. Shi ke riƙe da firjin magani a motar asibitin tafi-da-gidanka, da lasifikar motar talla, da fitilun masu ɗaukar fim, da kwamfutar ɗan jarida. Don haka zan kira shi batirin hidima, na tayar da injin kuma batirin tashi.

Doki da raƙumi

Batirin dalma tsohon abu ne. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau asalin tsarinsa yana nan: farantan dalma a nutse cikin ruwan asid. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a jere, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1 idan ya cika. Shi ya sa cikakken batir da ya huta na wasu sa'o'i yake nuna 12.6 zuwa 12.8 a mita. Idan ya nuna 12.4 an ci kusan rubu'insa, 12.2 rabi ya tafi, wanda kuwa ke nuna 12.0 saura ƙiris ya ƙare, ko da yake lambar da aka rubuta a jikinsa ke nan. Mutane da yawa suna ganin 12 a mita su ce lafiya lau.

Batirin tashi dokin sukuwa ne. Farantansa sirara ne masu yawa, domin ya saki ɗaruruwan amfiya cikin daƙiƙa biyu ko uku, injin ya kama, a mayar masa da ɗan abin da ya kashe. Batirin hidima kuwa raƙumi ne: farantansa masu kauri, yana ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon dare, a zuƙe shi sosai, a cika shi, a sake. Wanda ya ɗora wa doki aikin raƙumi, wato ya sayi batirin mota ya haɗa shi da firji, cikin 'yan watanni zai ga sakamako.

Abin da ke kashe kowannensu iri ɗaya ne. Duk lokacin da batir ke ba da wuta, asid yana haɗuwa da dalma, wani farin gishiri da ake kira salfet yana kwanciya a kan farantan. Caji shi ne narkar da wannan gishiri ya koma inda ya fito. Muddin an yi cajin da wuri, gishirin da laushinsa. Idan aka bar shi kwanaki suka zama makonni, sai ya daskare ya yi taurin da caja ba ta iya narkarwa, kuma duk wurin da ya daskare, batir ya yi asararsa. Irin wannan batir ya zama randar da laka ta cinye rabinta: guga biyu ta cika, moɗa kaɗan ta ƙare. Abin da ya same mu ke nan. Mita ba ta yi ƙarya ba da ta ce ya cika, cikin ne ya tsuke.

Yadda ake cika buhu

Duk wanda ya taɓa zuba gero a buhu ya san cewa aikin kashi biyu ne. Da farko ana antaya shi da ƙwarya ba tare da tunani ba. Idan ya kusa baki, dole a tsaya a jijjiga, a ƙara kaɗan, a sake jijjigawa. Wanda ya ɗaure baki bai jijjiga ba, ragaggen buhu ya ɗauka.

Caja ta ƙwarai haka take aiki, mataki uku. A na farko tana tura duk amfiyar da take iyawa, bolt yana hawa a hankali, har batir ya kai kimanin kashi 80 cikin 100. A na biyu tana tsayar da bolt a wuri ɗaya, wajen 14.4 ga yawancin baturan dalma, ta bar batir ya sha da kansa, amfiya tana raguwa. Wannan shi ne jijjigar buhu, yakan ci sa'o'i uku zuwa biyar, kuma babu hanyar gaggauta shi. A na uku tana saukowa zuwa 13.5 ko 13.8, ta riƙe shi a cike ba tare da ta tafasa ruwansa ba.

Mataki na biyu shi ne ran batir, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Batirin da kullum ke yawo tsakanin kashi 50 da 80, bai taɓa kaiwa baki ba, ragowar gishirin nan yana nan yana daskarewa a kowace rana. Mai shi yana ganin yana caji kullum, alhali yunwa ce ke cin batirin. Wannan bayani ya shafi inbatar gida ma: idan wuta takan zo na sa'o'i uku ta ɗauke, batirin yana samun ƙwarya, ba ya samun jijjiga.

Akasin yunwa shi ne ƙoshi fiye da kima. Tsohuwar cajar taransifoma, irin mai nauyin nan ta bakin titi, ba ta san mataki ba: tana turawa har sai an cire. Haka ma ramin bolt 12 da ke jikin ƙananan janareto, yawancinsa ba shi da abin daidaita wuta. Idan aka manta batir a kansu, ruwansa yana rabewa zuwa iskar haidurojin da oksijin, farantai su fito fili su bushe. Batir mai murafa ana iya ƙara masa ruwa. Rufaffe, irin AGM ko jel, abin da ya fita ya fita ke nan.

Altaneta ba caja ba ce

Kuskurenmu a waccan tafiya shi ne ɗaukar altaneta a matsayin caja. An ƙera altaneta ne don ta ciyar da fitilu da na'urorin mota, ta kuma mayar wa batirin tashi ɗan abin da ya bayar. A tsofaffin motoci tana riƙe bolt tsakanin 13.8 da 14.4. Idan aka ja siririyar waya mita biyar daga gaba zuwa bayan bas, rabin bolt na iya ɓacewa a hanya, batirin hidima ya riƙa ganin 13.5. Wannan adadin riƙo ne, ba ya cika batir cikin tafiyar sa'a biyu.

Hanyar da aka saba ita ce sanya rile tsakanin baturan biyu, mai haɗa su idan injin na aiki, ya raba su idan an kashe, don kada firji ya zuƙe batirin tashi. Ga tsohuwar mota, da batir mai murafa, da waya mai kauri, da doguwar tafiya, wannan dabara ba laifi, matuƙar ana ba batirin cikakken caji ta wata hanya a kai a kai.

Sababbin motoci sun sauya lissafin. Dokokin rage hayaƙi na Tarayyar Turai, musamman Euro 6 da ta hau kan sababbin motoci da ƙananan bas a 2015 da 2016, sun sa kamfanoni yaɗa altaneta mai kwamfuta. Ita wannan, da zarar ta ga batirin tashi ya wadatu, sai ta sauke bolt zuwa wajen 12.5 don rage shan mai, idan direba ya ɗaga ƙafa ko ya taka birki ta cilla shi kusan 15. Bas irin su Sprinter da Transit na waɗannan shekaru yanzu suna shigo mana a matsayin na hannu. Rile a irin wannan mota yakan yi ta haɗawa yana rabawa, batirin hidima ya kwana da yunwa. Gwajin mai sauƙi ne: a haɗa mita da batirin tashi, a yi tafiyar minti 20. Idan lambar ta tsaya wajen 14, tsohon tsari ne. Idan tana hawa da sauka, mai kwamfuta ce.

Maganin shi ne cajar batir-zuwa-batir, wadda ake rubuta wa DC-DC a kwali. Tana karɓar duk abin da altaneta ta bayar, ko sama ko ƙasa, ta mayar da shi matakai ukun nan daidai da nau'in batirin, ta kuma iyakance amfiyar da ake ja don kada altaneta ta ƙone. Da za a ce in zaɓi na'ura ɗaya tak ga wanda motarsa ke kan hanya kullum, ita zan zaɓa.

Sola ita ce ta cike giɓin, domin ita ke da haƙurin da mataki na biyu ke bukata: mota na ajiye, rana na aiki. Farantin sola da ake cewa na bolt 12 yana ba da mafi kyawun ƙarfinsa ne a wajen bolt 18. Na'urar daidaitawa mai araha, PWM, tana jawo shi ƙasa zuwa matakin batir, bambancin ya tafi a banza. Mai tsada, MPPT, tana juya bambancin ya zama ƙarin amfiya. A faranti ɗaya ƙarami ribar ba ta da yawa, amma daga wat 200 zuwa sama ta cancanci kuɗinta. Lokacin hunturu kuma tsumma da ruwa sun fi kowace na'ura amfani, don ƙurar da ke kan farantin ita ke shanye hasken.

Lissafi kafin ciniki

Girman batir ana rubuta shi da Ah, wato amfiya sau sa'o'i. Batir mai 100Ah yana iya ba da amfiya 5 na sa'o'i 20. Idan aka ja da ƙarfi fiye da haka, abin da zai bayar ya gaza 100, kamar yadda Bajamushe Wilhelm Peukert ya bayyana tun 1897. Sannan ƙa'idar da aka saba ita ce kada a ci fiye da rabin batirin dalma, in ana so ya yi ƙarko. Ke nan mai 100Ah, 50 gare shi na kashewa.

Ga lissafin motarmu, wanda ya kamata mu yi kafin mu sayi komai. Ƙaramin firji a zafin bazara yana cin kimanin 40Ah a yini da dare. Kwamfuta mai wat 60 na sa'o'i uku, wat 180 ke nan, a raba da 12 ya ba da 15Ah, a ƙara asarar inbata ya zama 17. Fanka mai wat 15 na sa'o'i takwas, 10Ah. Fitilu 4Ah, kyamarori da wayoyi 5Ah. Jimilla 76Ah. Mun ɗora wannan kaya a kan batir mai 100Ah, wato kullum muna cin kashi uku cikin huɗu nasa, sannan mu ba shi ragaggen caji. Abin da muke bukata shi ne 200Ah na dalma, ko mu rage kaya.

Daga girman batir ake fitar da girman caja. Ga dalma, amfiyar caja ta kasance tsakanin kashi 10 da 20 cikin 100 na girmansa: mai 100Ah yana son amfiya 10 zuwa 20, mai 200Ah yana son 20 zuwa 40. Caja mai amfiya 4 a kan batir mai 200Ah za ta kwana ta wuni ba ta gama ba. Wadda ta yi masa yawa kuma tana ɗumama shi. A tuna cewa batirin dalma yana bukatar a mayar masa da fiye da abin da ya bayar, da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Mayar da 76Ah da caja mai amfiya 20 aiki ne na sa'o'i shida zuwa takwas, idan an haɗa da jijjiga.

Bayan girma, abubuwa uku zan duba a jikin caja ta soket. Na farko, tana da zaɓin nau'in batir, domin mai murafa da AGM da jel da litiyam kowanne da bolt ɗinsa, kuma takardar kamfanin batirin ita ce alƙali. Na biyu, tana karɓar wutar da ke hawa da sauka, don wutarmu ta gida da ta janareto ba kullum take tsayawa a bolt 230 ba. Na uku shi ne batun zafi.

Zafinmu ba irin nasu ba ne

Lambar Ah da ke jikin batir an auna ta ne a digiri 25, wasu ma a 20. A Sakkwato da Maiduguri da Zinder, watan Afrilu yakan haura 40, kuma cikin motar da aka rufe a rana yana iya ɗara na waje da digiri 20. Ƙa'idar masu ƙera batir ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwar batirin dalma biyu. Wanda zai yi shekara shida a Ingila, a motar da ke wuni a rana a Kano da wuya ya ga uku.

Zafi yana sauya bolt ɗin da batir ke bukata. Batir mai zafi yana son a rage masa kamar 0.02 zuwa 0.03 na bolt a kowane digiri. A digiri 40, adadin 14.4 ya kamata ya sauko wajen 14.0. Cajar da ba ta san wannan ba tana yi wa batir ƙoshi fiye da kima a duk bazara. Don haka a nemi mai ɗan ma'aunin zafi da ake mannawa a jikin batir. Shawarwarin da ake karantawa daga masu yawon hutu na Turai sun fi damuwa da sanyi da ajiyar mota a lokacin ƙanƙara. Wanda ya kwafe su bai gyara ba, ya ɗauki maganin cutar da ba tasa ba.

Wurin ajiya ma caji ne ta wata fuska. Kada a sa batirin hidima kusa da injin ko a saman bututun hayaƙi. Mai murafa yana bukatar kafar iska zuwa waje, domin haidurojin yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri. A ɗaure shi tam, a sa fis a kan jar waya dab da kan batirin. Batirin da zai iya tayar da injin zai iya mayar da waya garwashi cikin daƙiƙoƙi.

Shin litiyam ta warware matsalar?

Ta warware rabinta. Nau'in da ake sa wa mota shi ne LiFePO4, wanda ya fito daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas a 1996 da 1997. Goodenough yana cikin mutum uku da suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019 saboda batirin litiyam. Wannan batir ba ya yin gishirin salfet, don haka zama a rabi ba ya cutar da shi. Ana iya cin kashi 80 zuwa 90 nasa, nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, kuma masu ƙera shi suna alƙawarin cikawa da zuƙewa sau dubbai, inda na dalma na gama-gari ke yin ɗaruruwa.

Sai dai ya fi na dalma tsananin bukatar caja da ta dace. Yana shan wuta ba ƙoshi: idan aka haɗa shi kai tsaye da altaneta, zai ja duk abin da take da shi, kuma a cunkoson hanya, inda injin ke juyawa a hankali fankarta ba ta sanyaya ta, tana iya ƙonewa. Ba ya son a riƙe shi a cike kullum, ba a rage masa bolt saboda zafi, kuma tsarin nan na wasu cajoji da ke cilla bolt 15.5 ko 16 don farfaɗo da batir mai murafa guba ne gare shi, kamar yadda yake ga AGM da jel. Bolt ɗinsa kuma kusan ba ya motsi daga cike zuwa kusan ƙarewa, saboda haka mita ta yau da kullum ba ta faɗin gaskiyar cikinsa, sai na'urar ƙirga amfiyar da ke shiga da fita. Wanda ya sayi litiyam ya bar tsohuwar caja ya sayi matsala mafi tsada.

Hujjar masu cewa tsada

Za a ce mini caja ta ƙwarai daga waje take zuwa, kuma tun da aka saki farashin naira a 2023 kuɗinta ya kai na batir ko ya fi. Za a ce a Ƙofar Ruwa ko Panteka akwai cajojin da aka rubuta wa mataki uku alhali ba su da shi, ta yaya mai saye zai bambance? Za a kuma ce masu cajin bakin titi sun shekara da shekaru suna yi wa jama'a aiki.

Duka ukun akwai gaskiya a ciki. Amsata ga ta farko ita ce caja sau ɗaya ake sayenta, ta ga bayan batura da yawa, batir kuwa shi ake ta maimaitawa. Wanda ke canza batir duk shekara maimakon duk shekara uku, yana biyan kuɗin cajar da ya ƙi saya, kashi-kashi, ba tare da ya mallake ta ba. Idan kuɗi bai isa duka ba, gara ƙaramin batir da caja mai kyau, a rage kaya, da babban batir da za a kashe da yunwa. Ta biyu kuwa mita ce ke warware ta: a haɗa cajar da batirin da aka ɗan ci, a duba ko bolt ya hau ya tsaya wajen 14.4, ya jima, sannan ya sauko ƙasa da 13.8 da kansa. Wadda ta wuce 15 tana ci gaba, ko wadda ba ta taɓa haura 13.5 ba, a mayar wa mai ita. Batirin ma yana da nasa gwajin, wanda dattijon nan ya fara da shi: dalma nauyi gare ta, na hidima mai 100Ah na gaske yana kai kilo 25 zuwa 30. Game da masu cajin bakin titi, aikinsu yana kyau ne saboda gwani yana tsaye yana lura, yana taɓa batir, yana cirewa a kan lokaci. Caja mai matakai ita ce wannan gwanin, a lokacin da kake barci.

Abin da ya rage ga mai mota

Na'ura ba ta ɗauke wa mutum kula. Batirin dalma ya sami caji a ranar da aka yi amfani da shi, kuma aƙalla sau ɗaya a mako a bar shi ya kai mataki na uku. Idan mota za ta yi makonni a ajiye, a cika shi, a cire waya, a duba shi duk wata, domin yana zubar da wuta da kansa, a zafi kuma zubar tana ƙaruwa. Litiyam ya fi son a ajiye shi a wajen rabi. Mai murafa a leƙa ruwansa duk wata, a bazara duk mako biyu, a ƙara tataccen ruwa kawai. A nan akwai tarko a harshenmu, domin “ruwan batir” muna faɗinsa ga asid da kuma tataccen ruwan. Abin da ke ƙafewa ruwa ne, asid yana nan. Wanda ya ƙara asid ya tsananta shi, wanda ya zuba ruwan rijiya ya sa masa ƙazanta. Kada kuma a haɗa sabon batir da tsoho a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon zuwa kabarinsa.

Akwai dalilin da ya wuce aljihu. Kowane batir da ya mutu kafin lokacinsa kilo da yawa ne na dalma da za a fasa a narke a wani wuri, sau da yawa a tsakiyar unguwa. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 sun rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalma daga fasa tsofaffin batura. Mu ma mun san abin da dalma ke yi wa yaro tun annobar Zamfara ta 2010, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito. Mataccen batir a mayar da shi ga dila a rufe, kada a zubar da ruwansa a kwata, kada a bar shi inda yara ke wasa.

Mun koma wurin dattijon nan ya sake mana wayarin. Ya sa waya mai kauri da fis, da cajar batir-zuwa-batir, da faranti ɗaya na sola a rufin motar. Batirin da muka saya a karo na biyu daga shagon farko ya fito, kamfani ɗaya, sai dai ya fi girma. Da na je biya, mai shagon ya tambaye ni yadda na farkon ya yi. Na ce masa laifinmu ne.